Telan da Bai Taɓa Ɗinki Ba

Talata, 8 ga Afrilu, bayan azahar

Yana raye. Wannan zan fara rubutawa, sauran su biyo baya.

Da hantsi matarsa ta kira ni tana kuka, wai ya faɗi a bakin kanal ɗin ban ruwa a garkarsa ta Jiratawa, jiki na karkarwa, kumfa a baki. Maƙwabtan garka suka ɗauko shi zuwa babban asibiti. Na bar mutane a kan benci na hau babur ɗin kabu-kabu, ko farar rigata ban cire ba. Malam Maliki ke nan, manomin zogale da tattasai, wanda nake dubawa tun bara saboda ciwon baya da kuma tramol ɗin da ciwon ya jefa shi ciki. Na san ƙwayar nan in ta yi yawa tana kayar da mutum haka. Abin da na kasa ganewa a hanya shi ne yadda ɗan abin da nake rubuta masa zai kai shi ƙasa.

Ina shiga ɗakin sai ga Dokta Luka tsaye a gefen gadon, hularsa a hannu.

Ya ce, "Sa'adiya, mi ya kawo ki?"

Na ce, "Mara lafiyana ne, Baba."

Ya dube ni, ya dubi gadon. Ya ce, "Nawa ne."

Ramatu, matar, tana durƙushe tana yi wa mijin fifita. Ta ce ai ta kira mu duka biyun ne don ba ta san wanda zai riga zuwa ba. Ko a jikinta. Litinin yana wurina a Maraɗi, Juma'a yana wurin Dokta Luka a Tsibiri, kowa na rubuta masa nasa. Tun kafin kaka ake haka.

Ban ci abincin rana ba.

Laraba, 9 ga Afrilu, da safe

Bari in rubuta yadda aka yi, ko kaina zai daina juyawa.

Dokta Luka ne ya kafa zaman Alhamis. Da ya bar aikin gwamnati ya buɗe ɗan asibitinsa a Tsibiri kusa da cocinsu, sai ya ga yadda mu ƙananan likitoci muke fama, kowa shi kaɗai, da masu ciwon da ba ya jin magani da waɗanda ƙwaya ta kama. Wasunmu su kore su, wasunmu su rubuta musu don a rabu lafiya. Ya ce mu riƙa haɗuwa ƙarƙashin dogon yaron gidansa bayan la'asar, kowa ya kawo wanda ya gagare shi, a sha shayi a yi shawara. A wurin na koyi rage wa mutum ƙwaya sannu-sannu ba tare da na zubar masa da mutunci ba. A wurin na daina shiga banɗakin asibiti ina kuka. Shi ya sa nake ce masa Baba, kuma ba da wasa nake faɗa ba.

Doka ɗaya ya kafa mana. Maraɗi gari ne da in ka ce "wani manomi a Jiratawa mai ciwon baya" to ka faɗi sunansa har da na kakansa. Don haka ba suna, ba gari, kuma sai ka sauya wa mutum sana'a kafin ka kawo maganarsa. Baba yakan ce, "Ku sanya mishi wata riga."

Ni na sanya wa Malam Maliki rigar tela. Baba ya sanya masa ta ɗan kabu-kabu.

Wata da watanni muna zaune muna ba juna shawara a kan mutum ɗaya. In na ce telana ya sauko, ya rage ƙwaya, Baba ya tafa mini. In ya ce ɗan kabu-kabunsa ya sauko, mu ce ai hannun manya daban ne. Dokta Inusa, sarkin shawara, wanda ko mura aka kawo sai ya yi mata lacca, ya ce a gaya wa tela ya ɗaga kujerar kekensa, shi kuma ɗan kabu-kabu ya ƙara soso a sirdin moto. Har na gyaɗa kai na ce zan gaya masa, sai a hanyar gida na tuna babu keken.

Yanzu da na rubuta sai da na yi dariya. Ba ta daɗi ba ce.

Alhamis, 10 ga Afrilu, bayan magariba

Na je zaman. Ba wanda ya sani sai ni da Baba. Inusa ya tambaye ni ya tela, na ce yana nan. Baba bai kawo kowa ba yau, shayi kawai yake zubawa, har ya cika wa Dokta Samson kofi ya zube bai lura ba.

Da suka watse na tsaya. Na ce ya kamata a gaya musu. Ya ce sirrin bawan Allah ne, ba namu ba ne da za mu baje. Na ce bawan Allahn da ya mai da mu wawaye? Ni da nake yabonsa a gaban abokan aiki, ina cewa ban taɓa ganin mai haƙuri irinsa ba. Yana fita ofishina yana lissafin Juma'a.

Baba ya bar ni na gama. Haka yake yi, ya bar ka ka zazzage duka sannan ya tsinci abin da zai tsinta.

Ya ce, "Ɗiyata, in an sallame shi ɗayanmu ya riƙe shi, ɗayan ya janye hannu. Ke kin fi kusa da Jiratawa. Amma abu guda nike roƙonki. Kar ki kore shi. In kin kore shi masu teburin ƙwaya na bakin tasha na jiran shi, kuma su ba su rage ma kowa."

Na ce to. Bakina ne ya ce to.

Asabar, 12 ga Afrilu, da yamma

An sallame shi. Wuta ta ɗauke tun safe, zafi ya hana kowa sakat.

Litinin, 14 ga Afrilu, bayan la'asar

Ya zo. Ramatu na riƙe da hannunsa, yana jan ƙafar dama. Na ga jan ƙafar. Na ce a raina yau kuma da sabon salo aka zo.

Ya zauna ya gaishe ni, ya ajiye ƙunshin zogale a gefen tebur yadda ya saba. Ya fara cewa, "Dokta, ki yi haƙuri, bayan nan ne..." Ban bar shi ya ƙarasa ba.

Abin da na faɗa masa ba zan rubuta ba. Ƙofa a buɗe take, bencin cike yake, har da mata masu goyo. Majo, shugaban ma'aikatan jinyarmu, yana tsaye da tire a hannu, sai ya juya ya koma inda ya fito. Malam Maliki ya dafa tebur ya miƙe, ya daɗe kafin ya miƙe ɗin, suka fita.

Zogalen yana nan. Na ce wa mai shara ta ɗauka, ta ce ita ma ba ta so.

Talata, 15 ga Afrilu, da safe

Ai ba ƙarya na yi ba. Da ya mutu ranar nan wa za a tambaya? Sunana ne a kan ordonans, takardar maganinsa. Mutum ya zo ya dube ka ido cikin ido kowane mako ya ce ba ya karɓa a wani wuri. Ni ma mutum ce, ina da zuciya.

Maigidana ya ce tun jiya nake magana ni kaɗai a kicin. Na ce da tukunya nake.

Alhamis, 17 ga Afrilu, bayan la'asar

Ban je Tsibiri ba. Baba ya kira, na bar wayar ta yi ta gama.

Juma'a, 18 ga Afrilu, da yamma

Saƙo daga Baba: bai zo wurina ba yau, hakan ya yi, yana hannunki ke nan.

Ban amsa ba.

Asabar, 19 ga Afrilu, bayan azahar

Ramatu ta zo ita kaɗai, har gida. Ban san wanda ya nuna mata ba. Ta ƙi hawa kujera, ta zauna bakin tabarma, ta ƙi shan ruwan da na kawo sai da na matsa.

Ta ce, "Dokta, ni ban zo roƙon ƙwaya ba. Wannan shina samu. Ƙanen shi ka sawo mishi bakin tasha, wata ja, in ya sha sai ya kwana ido buɗe shina kallon rufi. Ƙahwahun na zo gaya miki. Tun shekaranjiya ba ya tashi. Zogale na can na bushewa, ranar ruwanmu ta zo ta wuce ba mai buɗe kanal. Jiya ya yi hitsari a shimhiɗa bai sani ba, ya yi ta kuka yana cewa in rufa mishi asiri."

Na tambaye ta tun yaushe yake ramewa. Ta ce tun damina wandonsa ke faɗuwa. Na ce zufa fa? Ta ce kullum sai ta shanya tabarmarsa da safe, ko lokacin sanyi.

Na san da ramar. Na san da zufar. Na kai su zaman Alhamis da bakina, muka ce ƙwaya ce ke hana tela cin abinci, zufar kuma ta ragewa ce. Baba ma ya ce ɗan kabu-kabunsa haka yake, muka ƙara samun natsuwa, tunda ga mutum biyu da alama iri ɗaya.

Tsoro nake ji. Ba na ƙwayar ba yanzu, na ƙafafun.

Lahadi, 20 ga Afrilu, da yamma

Na je Tsibiri ban yi waya ba. Ashe yau sallarsu ce ta Ista, gidan cike da jikoki da sababbin kaya, ana ta sauke shinkafa. Na so in juya daga ƙofa, Mama Alisabatu, matar Baba, ta kamo hannuna ta ce wanda ya zo ranar salla ba ya komawa da yunwa. Ta raɗa mini maganar mijinta, "Gara da kinka zo. Baban Milka sati guda ke nan abinci sai ya jagula ya tashi."

Muka zauna ƙarƙashin dogon yaron, mu biyu. Na gaya masa na kore shi. Ban faɗi yadda na yi ba, shi ma bai tambaya ba. Na jira ya ce ai na gaya miki. Bai ce ba, kuma da ya ce ɗin da ya fi mini sauƙi. Na gaya masa abin da Ramatu ta zo da shi.

Sai ya ce, "Sa'adiya, yaushe rabonki da ki sa ya tuɓe riga ki dubi bayan da idonki?"

Na ce ranar farko, bara. Malam Maliki ya ce mini ya faɗi ne da injin ban ruwa a kafaɗa, na sa aka yi radiyo, hoton ƙashi, ba a ga komai ba. Daga nan sai maganar ƙwaya ta cinye komai. In ya shigo, nawa ka sha, nawa ta rage, ya barci. Na ce, "Kai fa, Baba?"

Ya ce, "Bisa riga na taɓa shi. Ya ce mini bakin tasha shike saye, shina so ya bari. Na ga mutum na hamma shina zufa, na ce na san wanga ciwo. Kuma kowace Alhamis ina jin telanki na samun sauƙi da hanyar da nike bi, sai in ce to hanyar ta yi."

Ni kuma ina jin nasa ina cewa hanyar ta yi.

Daga cikin gida yara suna waƙar coci suna tafi. Baba ya ce gobe da sassafe zai biyo ya ɗauke ni. Mama ta cika mini kwano da nama, na kawo gida ban buɗe ba.

Litinin, 21 ga Afrilu, bayan azahar

Jiratawa. Mun bi ta gefen garake, ko'ina kore shar, ruwa na gudu, sai fegi ɗaya da ganyensa ya yi rawaya ya sunkuya. Ban tambayi na wane ne ba.

Yana kwance a ɗaki a kan tabarma. Da ya gan ni ya juya fuska bango. Baba ne ya yi masa magana, ya ce, "Malam Maliki, mun zo duba bayan ne, ba wani abu ba." Ni da Ramatu muka juya shi, Baba ya ɗage rigar.

Ga shi nan. Ɗan tudu a tsakiyar gadon baya, ƙashi ya turo, ko ɗalibin shekarar farko zai gani daga bakin ƙofa. Na ɗora yatsa a hankali, ya yi wata ƙara da ban taɓa jin namiji ya yi ba. Na ce ya motsa yatsun ƙafa. Na hagu suka ɗan yi. Na dama ko alama. Na tsikare shi da allura daga tafin ƙafa ina hawa, bai ji ba sai da na kusa cibiya.

Baba ya fita waje. Na same shi a jikin rumbu yana goge tabarau, ya goge ya sake gogewa.

Mun kwantar da shi a kan ƙyauren ƙofa don kar bayan ya lanƙwashe, maza huɗu suka sa shi a motar Baba. Duk ramin da muka faɗa a hanya sai na ji shi a cikina.

Laraba, 23 ga Afrilu, da hantsi

Radiyo ta fito. Cutar tarin fuka ce, amma ba a huhu ta zauna ba, ƙashin baya ta samu ta ci, har ya rufta ya danne jijiyar ƙafafu. Ta daɗe tana ci. An fara masa magani yau.

Ciwon gaske ne. Tun farko ciwon gaske ne, kuma ƙaruwa yake yi muna rage masa magani muna tafa wa juna.

Alhamis, 24 ga Afrilu, bayan magariba

Baba ya faɗa musu. Ya nemi izinin Ramatu tukuna, kuma bai ambaci suna ba. Ya ce, "Telan Sa'adiya da ɗan kabu-kabuna mutum guda ne, kuma ba ya ɗinki ba ya tuƙi. Manomi ne. Shina kwance yanzu, ƙafafu ba su motsi." Ya faɗi sauran a tsaye, bai rage nasa laifin ba, nawa kuma ya tsallake ranar Litinin ɗin da na kore shi.

Ba wanda ya taɓa shayi. Inusa, da ban taɓa ganin bakinsa a rufe ba, sai can ya ce, "To ni mai sayar da goron nan nawa, mai ciwon gwiwa..." Sai ya dubi Samson. Samson ya ce, "Mace ce ko namiji?" Inusa ya ce ai har wannan ma ya sauya. Wani ya yi dariya, ta mutu a hanya.

Aka yi ta gardama. Samson ya ce a riƙa faɗin suna kawai, ai dukanmu likitoci ne. Inusa ya ce ranar da aka fara faɗin suna, ranar zai daina kawo kowa, don rabin masu zuwa wurinsa dangin matar Samson ne. Ba a tsayar da komai ba. Da za a tashi Baba ya ce shi yana ganin a dakatar da zaman, tunda shi ya kawo dokar, kuma ga inda ta kai mutum.

Na ce, "Baba, in ka rufe, rana irin ta Lahadin da ta wuce wurin wa zan je?"

Da na zo tafiya ya ce in gaya wa Inusa shi ne da kawo sukari mako mai zuwa.

Asabar, 26 ga Afrilu, da safe

Yatsun hagu suna motsi kaɗan. Na dama babu.

Litinin, 28 ga Afrilu, bayan la'asar

Mai jinyar ɗakinsu ta kira ni, wai yana shan maganin tarin amma ya ƙi karɓar na ciwo tun shekaranjiya. Mun tsara masa shi daidai, a hannun ma'aikata, don ciwon ya lafa kuma jikinsa kar ya birkice da yankewa lokaci ɗaya. Ya ƙi.

Na same shi jiƙe sharkaf, yana hamma, hawaye da majina na zuba, haƙora a datse. Ciwon ƙashi ga na rashin ƙwaya, duka a kan mutum ɗaya da ba ya iya ko juyawa. Na karɓi ƙwayar na zauna a bakin gadon. Na ce, "Malam Maliki, wannan ni na rubuta, kuma kana bukatarta."

Tunda aka kawo shi bai yi mini magana ba sai yau. Bai dube ni ba. Ya ce, "Dokta, kin hwaɗi abin da nike gaban mutane. In mutuwa ce, ina so ta iske ni ba shi ba ne."

Na rasa inda zan sa idona. Na ce ban kyauta ba, ya yafe mini. Kalmomin sun fito ƙanana, ni kaina na ji ba su kai ba.

Ya ce, "Ni ma na yi miki ƙarya, ba sau guda ba. Ina son ƙwayar, ba ni musu. Amma ran da na hwara zuwa Tsibiri ba ita ta kai ni ba. Cewa anka yi akwai wani tsoho can mai duba mutum da hannu."

Ba zan gaya wa Baba wannan ba.

Na zauna da ƙwayar a tafin hannu har ta fara narkewa da zufata. Ramatu ce ta tashi ta ɗauke ta, ta tallafo kansa ta ce, "Malam, haɗiye. Ni ban da ƙarhin jinyar mai zuciya." Ya haɗiye.

Alhamis, 1 ga Mayu, da yamma

An yi zaman. Mutum huɗu kawai. Inusa ya manta sukarin, muka sha shayi da ɗaci. Samson ya kawo wata mai ciwon ƙugu, kafin ya kai ƙarshe Baba ya tare shi ya ce yaushe ya gan wurin da idonsa. Samson ya ce da safen nan, kuma har ya ji kunyar yadda ya yi saurin faɗa.

Ni ban kawo kowa ba.

Lahadi, 4 ga Mayu, da safe

Fitsarinsa ya koma ja, Ramatu ta tsorata, na ce maganin ne. Ya fara cin abinci. Zufar ta ragu. Kullum in na shiga sai in yaye zanen in ce, motsa. Shi ya kalli rufi, ni in kalli yatsu, Ramatu ta kalle ni.

Na dama babu.

Laraba, 7 ga Mayu, bayan azahar

Babu.

Asabar, 10 ga Mayu, da hantsi

Baba ya tura hoton radiyon ga wani tsohon ɗalibinsa, likitan ƙashi a Yamai, ya sa wayar a bainar mu biyu. Likitan ya ce a ci gaba da magani, a bar shi kwance a kan abu mai tauri, watanni ne ba makonni ba. Ya ce wasu ƙafafun suna dawowa, wasu ba sa dawowa, ba mai iya faɗa yanzu. Aikin tiyata kuma, ko an kai shi, ba ya ba da tabbaci a yadda ƙashin ya riga ya zama. Sai ya ce, "Da dai an gan shi tun..." Ya tuna da wa yake magana, ya ce Allah ya ba da lafiya.

Baba ya ce amin. Ya tsufa a wata ɗayan nan, har wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Talata, 13 ga Mayu, da yamma

Hadari ya taso ta gabas ya watse ba ko ɗigo. Mutane sun fara gyaran gona. Ƙanen Malam Maliki ya zo dubiya, ya ce ya sare zogalen da ya bushe, ko zai sake tohowa. Malam Maliki ya tambaye shi a wane tsayi ya sare, ya nuna, ya ce ya yi ƙasa da yawa. Ya ce in ya tashi zai gyara.

Sai Ramatu ta yi sauri ta tambayi ƙanen ya yara.

Juma'a, 16 ga Mayu, da safe

Na ga kamar babban yatsan dama ya yi wani abu. Na kira mai jinya ta duba, ta ce ita ba ta gani ba. Na ce ya sake. Babu. Wataƙila hannuna ne ya girgiza gadon.

Talata, 20 ga Mayu, bayan la'asar

An sallame shi. Ba abin da gadon asibiti zai ƙara masa yanzu, maganin a gida ma zai sha, kuma wani na jiran gadon. Kafinta ya yi masa shimfiɗar katako, aka ɗora katifa siririya, aka shigar da shi bayan wata mota mai buɗaɗɗen baya da ƙanensa ya samo. Baba ya zo tun daga Tsibiri. Na yi wa Ramatu bayanin juya shi don kar baya ya yi gyambo, da na ƙwayar ciwon, wadda yanzu a hannunta take, a ƙulle a bakin zane. Ta ce ta ji, ai jiya ma na faɗa.

Ya yi kyau a fuska, kumatu sun fara dawowa. Ya yi mana godiya, ni da Baba, har da addu'a mai tsawo, Baba na cewa amin da hularsa a hannu. Na so ya daina.

Da direba ya tayar da mota sai ya ɗago kai ya ce, "To Dokta, yanzu wurin wa zan riƙa zuwa? Wurinki ko wurin tsoho? Ku hwaɗa mini guda, wallahi ba ni ƙara haɗawa."

Na dubi Baba, Baba ya dube ni.

Ramatu ta ce, "Zuwa ina, Malam? Da wace ƙahwa? Su za su zo."

Ta ja zane ta rufe masa ƙafafun, ta ce wa direba ya bi a hankali.